Alkamar da Aka Dafa wa Sojan Kilkis

Na sauka Dubai a ƙarshen shekarar 2010, da takardar da ta ce ni ma'aikacin jinya ne a wani asibitin kuɗi. Asibitin yana nan, daga baya na gan shi da idona, sai dai shi bai taɓa jin labarina ba. Ejan ɗin da ya haɗa mini tafiyar ya tare ni da fara'a a filin jirgi, ya kai ni wani ɗan otal a Al Buteen, ya ce in huta, gobe da safe zai zo mu je gwajin jini. Na yi wanka, na goge farar rigata, na zauna a bakin gado ina jira. Har yau goben nan ba ta yi ba, wayarsa kuma tun ranar take a kashe.

Sunana Ishaya, daga wani ƙauye a kudancin Kaduna. Abin da na iya a duniya shi ne ɗawainiyar marasa lafiya, in juya mutum, in wanke shi, in ba shi abinci, in saurari mitarsa. A wani ƙaramin asibitin mishan na koya. Wannan sana'a ba ta da amfani ga wanda mai otal ya ajiye wa jaka a bakin ƙofa. Na ɗauki jakata na gangara bakin ruwa, inda jiragen katako suke lodi, don ban san wani wurin zuwa ba. Ina tsaye ina kallon ruwan kamar shi ya ci mini amana, sai na ji wani yana yi wa mai turin kaya faɗa da Hausa. Ban san lokacin da ƙafata ta kai ni gabansa ba.

"Sannu da aiki, Alhaji," na ce.

Ya dube ni, ya dubi jakar, ya dubi gogaggiyar rigar.

"Bon," ya ce. "Kai kuma wane ejan ya zubda ka? A'a, bari, kada ka hwaɗi, duk uwarsu ɗaya. Ka ci abinci?"

Alhaji Isuhu ke nan, mutumin Maraɗi, ɗan kasuwa mai tura kaya gida daga Murshid Bazaar. Da ya ji sunana ya gane ni Kirista ne, bai ce komai a kai ba. Cewa ya yi, "Yalla, mu tai, shinkafa na hucewa."

Shi ya sama mini gado a Hor Al Anz, a wani ɗaki da muke cike kamar kifin gwangwani. Gadon sama aka ba ni, daidai bakin na'urar sanyi mai tari, saboda sabon zuwa ba ya zaɓe. Da safe in tafi Murshid in naɗe kwalaye da salatif, takalma da atamfa da kofunan gilashi, har bayana ya daina miƙewa. Bizata ta ƙare. Na koyi tafiyar marar takarda: kai a ƙasa, ido a kan kowace motar 'yan sanda. Na yi kewar gida fiye da yadda na zata namiji zai iya. Ba ma mutane kawai ba, har ƙanshin ƙasa in an yi ruwan fari, da gwaten da mahaifiyata take yi da yakuwa.

A shekara ta gaba mahaifina ya rasu. Da rana tsaka aka bugo mini, ina riƙe da salatif. Ba ni da hanyar tafiya, in ma na samu na fita, ba dawowa, kuma hannu rabbana zan isa. Aka binne shi ina naɗe kwalin takalma. Na shiga bayan kaya na zauna ina kuka ba sauti. Alhaji Isuhu ya leƙo, ya gani, ya ce, "Khalas, aikin yau ya ƙare." Ya sa aka shimfiɗa tabarma a cikin shagon, ya aika aka sayo dabino, ya kira mutanensa. Haka 'yan Nijar da 'yan Kano suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, suna durƙusawa suna ce mini, "Ya haƙuri?" Ba wanda ya san mahaifina a cikinsu. Amma sun tambayi sunansa, na faɗa, kuma faɗar sunan a gaban mutane ta sauke mini wani abu daga ƙirji.

Ta hannun Alhajin dai na fita daga Murshid. Wata Baturiya mai suna Madam Eleni, wadda take aiki a kamfanin jiragen ruwan da yake ɗaukar masa kwantena, ta yi masa kukan cewa mahaifinta ya kori duk mai jinyar da ta kawo. Alhaji ya ce yana da wani wanda ba ya jin kora. Ta gwada ni, ta gyara mini takarduna, na koma wani dogon bene a ɗaya gefen ruwan, inda tagar falo take kallon Deira, ɓangaren garin da na baro, daga sama.

Mahaifin nata, Baba Manoli, Bagirke ne, ya haura tamanin, tsohon injiniyan jirgin ruwa. Ƙodarsa ta gaza, ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa, bakinsa ne kawai yake da cikakkiyar lafiya. Ranar farko ya jefe ni da cokali. Na ɗauka, na wanke, na dawo masa da shi, na ce, "Baba, miyar ba ta ƙare ba." Ya harare ni, sannan ya buɗe baki. Daga nan muka shirya. Da Turanci muke magana, nasa na matuƙan jirgi, nawa na mishan, muna fahimtar juna sarai, musamman in faɗa ne. Abin da ya fi damuna a gidan shi ne shiru. A ce dattijo yana kwance wata da watanni, ba mai ƙwanƙwasa ƙofa ya ce ya jiki. Matarsa ta rasu a can ƙasarsu, shi ya sa 'yarsa ta ɗauko shi. Ita kuwa Madam ba mugunta gare ta ba, gajiya ce. Ta fita tun da sassafe, ta dawo ta sumbaci goshinsa, waya tana kunnenta.

Don haka ni na zama mai sauraro, labarin kuma ɗaya ne. In ya ji ƙarfi sai ya ce in tattaro masa bargo a kan gwiwarsa in yi tudu da shi. Ya jera kwalaben maganinsa a kan tudun.

"Wannan Kilkis ne," in ji shi. "Waɗannan igwa ne. Nan da nan da nan, ramuka. Bulgeriyawa suna ciki, sai hulunansu ake gani."

A shekarar 1913 aka yi abin. Girkawa da Bulgeriyawa sun haɗa kai sun kori Turkawa daga yankin, sannan suka saɓa a kan rabon ƙasa. Bulgeriyawa suka haƙa ramuka a kewayen garin Kilkis, suka kafa igwa a kan tudu, suka jira. Tsakanin tudun da sojan Girka babu dutse, babu itace, sai fili shimfiɗe da gonakin alkama da ta nuna, ga zafin watan Yuni. Ta cikin alkamar nan aka ce su taka su je su karɓi ramukan da wuƙar bakin bindiga. Baba Manoli yakan tura yatsunsa biyu a kan zanen gado, a hankali, suna nufar tudun. Kwana uku ana abu ɗaya. Harsashin igwa ya kunna wa gonakin wuta, wanda ya ji rauni ya faɗi a cikin alkama bai iya tashi ba. A ƙarshe Girkawa suka ci ramukan, garin ya ƙone, mutanensa suka watse.

"Kakana yana nan," yakan ce, ya tsayar da yatsunsa a tsakiyar zanen. "Tanasis. Bai kai tudun ba. Ba a sami abin binnewa ba. Mahaifina yana goye a lokacin."

Na tambaye shi ko Bulgeriyawan nan wani addini suke bi daban. Ya ce a'a, coci iri ɗaya, azumi ɗaya, gicciye ɗaya. Ni da na fito daga inda maƙwabci yake kwana lafiya da maƙwabci ya tashi da adda, na ɗauka sai addini ya bambanta ake irin wannan. Ashe ko babu shi mutane ba sa rasa dalili.

Al'adarsu ce a dafa alkama saboda mamaci. A tafasa ta, a shanya, a haɗa da sukari da kirfa da zabibi da 'ya'yan rumman, a jera a faranti, a kunna kyandir, a kira sunan mamacin. Duk wanda ya ci sai ya ce Allah ya gafarta masa. Na ce ai wannan gumbar sadaka ce irin ta maƙwabtanmu Musulmi, ya ce bai san gumba ba amma ya yarda. Tunda Tanasis ba shi da kabari, farantin nan ne kabarinsa. Matar Tanasis ta dafa har ta mutu, surukarta ta karɓa, sannan matar Baba Manoli. Kowane Yuni, ko a lokacin yunwa, ba a taɓa tsallakewa ba. Bara Madam ta kai shi gida wata tsohuwar maƙwabciya ta dafa. Bana, shekarar 2013, shekara ɗari cif, likita ya ce ba shi ba hawa jirgi.

Ya roƙi 'yarsa, ina tsaye. Ta ce ba ta iya ba, kuma a satin za ta yi tafiyar aiki, in ta dawo za su ga abin da za a yi. Da ta fita ya daɗe yana kallon taga.

"Ishaya," ya ce, "ba zan ga wani Yunin ba, ni na sani, likita ya sani. Eleni ba ta da ɗa, ba ta kuma yarda da waɗannan abubuwa ba. In na tafi, ba sauran bakin da zai kira sunan mutumin nan a duniya. Wannan karon ne na ƙarshe. Kada ya wuce ba a yi ba."

Na tuna tabarmar shagon Alhaji, na ce masa za a yi.

Na fara gwadawa da kaina, don na raina abin. Dafa hatsi dai, me ya fi wake? Na sayo alkama, na ɗora, na ga ta ƙi laushi, sai na yi abin da kowane ɗan gidanmu zai yi, na jefa mata kanwa. Ta yi laushi kam, har ta zarce. Ta zama wani irin kunu mai ruwan ɗorawa da warin sabulu. Na kai masa a kofi. Ya sansana, ya dube ni.

"Bulgeriyawa sun kashe shi sau ɗaya," ya ce. "Kai kana so ka maimaita."

Muka yi dariya, amma tasa ba ta daɗe ba. Ya san ɗanɗanon abin, bai san yadda ake yi ba, don duk rayuwarsa a faranti yake ganinsa. Ranar kuma tana matsowa. Asabar mai zuwa ce, wadda a cocinsu ake tunawa da dukan matattu.

Ranar Alhamis, bayan na kai shi wankin ƙoda, na hau kwalekwalen fito na tsallaka Deira don in sayo wata alkamar, ko Allah zai sa in dace. A shagon wani Ba'iraniye mai hatsi da kayan ƙanshi na tarar da wata Baturiya, za ta yi shekara hamsin, gajeriya, da gashi mai furfura a ɗaure. Alkama take saye, ga kirfa da zabibi a gefenta. Wani mai turin kaya ya taho a guje ya kusa kwashe mata ƙafa. Ta ja da baya, ta haɗa yatsu uku ta yi alamar gicciye, kafaɗar dama kafin ta hagu, sak yadda Baba yake yi. A cocinmu ba ma yin wannan, a wurinsa kawai na taɓa gani. Zuciyata ta ce ga mutanen Baba.

Na gaishe ta, na ce ko alkamar mamata za ta dafa. Ta yi mamaki ƙwarai. Na gaya mata akwai wani tsoho Bagirke marar lafiya da yake son a dafa wa kakansa, ba mai dafawa. Ta ce sunanta Radka, tana kula da masu gyaran ɗakuna a wani otal, kuma a masaukin ma'aikatansu an hana girki, da butar lantarki take shirin tafasa tata a ɓoye. Muka ga ai gyara ya zo. Mu muna da kicin, ita tana da hannu. Ban tambaye ta ƙasarsu ba. A wurina Bature Bature ne, in ya yi gicciye irin na Baba kuwa, to ɗan garinsu ne. Bulgeriyawa kuma a kaina wasu mutane ne masu huluna a cikin rami, ban taɓa kawo wa raina suna da mata masu zuwa cefane ba.

Ranar Juma'a da rana ta zo, Baba yana barcin gajiyar asibiti. Ta haɗa alkamarta da tamu a tukunya ɗaya. Da na ba ta labarin kanwa sai da ta dafa bango don dariya. Ta tsaya a kan tukunyar tana ɗebo ƙwaya tana matsawa da yatsa, har ta fashe kaɗan ba ta narke ba. Ta tace, ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur ta baza ta, ta ce kada in taɓa sai gobe. Tana aikin tana ba ni labarin 'yarta da take jami'a, wadda saboda ita take gyaran gadajen baƙi a ƙasar da ba ta da hunturu. Na ce ni ma saboda ƙannena ne. Kowa ya san sauran.

Ranar Asabar da hantsi na yi wa Baba aski, na sa masa farar riga, na turo kekensa falo. Tun da ya ji ƙanshin kirfa idonsa ya kawo ruwa. Radka ta fito daga kicin da farantin. Ta lulluɓe alkamar da garin sukari fari fat, ta zana gicciye da 'ya'yan rumman, ta kafa kyandir a tsakiya. Nata rabon ta zuba a roba ta sa a jaka. Baba ya kama hannunta ya sumbata, ya yi mata doguwar magana da Girkanci. Ta yi murmushi ta ce da Turanci ba ta ji ba.

"Daga ina kike, 'yata?" ya tambaya.

"Maƙwabta ne mu," ta ce. "Daga Bulgeriya."

Ya saki hannun. Na ga jinin fuskarsa ya janye, ni kuma sai a lokacin na gane abin da na yi.

"Ishaya," ya ce, bai dube ta ba. "Ka san wa ka kawo mini? Ka san hannun wa ya taɓa alkamar kakana?"

"Baba, ban sani ba."

"Fitar da farantin. Ita ma ta fita."

Radka ta dube ni tana neman bayani. Na ce mata a hankali kakan nasa a yaƙi ya mutu, a wani wuri Kilkis. Ta ɗan rufe ido.

"Mu Kukush muke ce masa," ta ce. "Kowane ɗan makaranta a wurinmu ya san shi."

"To kin san abin da mutanenki suka yi," in ji Baba. "Suna kwance a rami, a inuwa, suna harbin yara a fili. Suka ƙone shi a cikin gona kamar ɓera. Shekara ɗari matan gidanmu suna dafa wannan, a ce na ƙarshe Bulgeriya ce za ta dafa?"

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kawu, mahaifin kakata ma ya tafi yaƙin nan, a shekarar nan. An ce musu kudu aka kai su, an ba shi shebur ya haƙa rami. Ko ramin Kukush ne ko wani, ba mu sani ba, bai dawo ya faɗa ba. Manomi ne, bai taɓa ganin Bagirke ba kafin ranar. Shi nake dafa wa, shi da iyayena. Jiya a tukunya ɗaya na dafa taka da tawa. Ban san yadda zan tsince su ba."

"Ba zan ci ba," ya ce, ya juya fuskarsa ga taga.

Sannan ta ɗauki ashana ta kunna kyandir ɗin, ta ɗebi cokali ɗaya daga gefen farantin ta ci, ta yi gicciye, ta ce da Turanci don ya ji, "Allah ya gafarta masa." Ta ɗauki jakarta ta fita.

Na bi ta ina ba ta haƙuri, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. A cikin lif sai share ido take da bayan hannu. Da muka isa ƙofar bene, zafi ya doke mu, ta tsaya.

"Mene ne sunan kakan nasa?"

"Tanasis," na ce. "Me ya sa?"

Ta maimaita sunan sau biyu, a hankali, don ya zauna mata. "Tsohon nan ba zai kai baɗi ba, na ga ƙafafunsa. Ni kuwa duk shekara ina dafawa, 'yata ma ta iya. Suna ɗaya ba zai ƙara wa tukunya nauyi ba."

Ta tsayar da tasi ta shiga. Na tsaya ina kallon motar har ta sha kwana.

Da na koma sama na same shi yadda na bar shi, kyandir yana ci. Ban fitar da farantin ba, shi ma bai sake cewa in fitar ba. Na durƙusa kusa da keken na gaya masa abin da ta tambaya da abin da ta ce, kalma da kalma. Bai motsa ba. Na ɗauka ma bai ji ba. Can sai na ga kafaɗunsa suna girgiza, ya sa hannu ya rufe fuskarsa. Na taɓa ganinsa yana kuka don zafin allura da don fushi, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Na bar shi ya yi mai isarsa.

Da ya lafa ya ce, "Nata fa? Mai shebur ɗin. Mene ne sunansa?"

Ban tambaya ba. Lambar wayarta ma ban karɓa ba, don da baki muka yi alkawari a kasuwa na kwatanta mata gida, kuma sunan otal ɗin bai taɓa shigowa hirarmu ba. Na sauka a guje duk da na san ta tafi. Titi ba kowa sai motoci.

"Miƙo cokali," ya ce da na dawo.

Likita ya hana shi zaƙi, amma ban ko tuna ba. Na tallafa masa hannu. Ya ɗebo daga daidai inda ta ɗiba. Ya kira sunan Tanasis da ƙarfi, yadda ake kiran wanda yake nesa a gona, ya ce Allah ya gafarta masa. Ya tauna a hankali ya haɗiye. Ya sake ɗebowa, ya riƙe cokalin a sama ya daɗe.

"Da wancan na cikin ramin," ya ce. "Ya Allah, kai ka san sunansa."

Ya ci. Ya miƙo mini cokalin, ni ma na ci, na faɗi abin da ake faɗa, na ƙara da sunan mahaifina, Baba ya ce amin.

Sauran na kai Murshid da yamma, don ya ce dole baƙi su ci. Alhaji Isuhu ya ɗanɗana ya ce, "Wanga ai gumba ce ta je lakwal," wato makarantar boko. Da na ba shi labarin ya daina dariya, ya ce Allah ya ba tsohon haƙuri da sauƙi, ya sa masu ɗaurin kaya suka cinye tas.

Baba Manoli ya rasu kafin zafin shekarar ya sauka, da safe, ina riƙe da hannunsa. A makonnin da suka rage masa, duk ranar wankin ƙoda sai ya ce in tsallaka in duba shagon Ba'iraniyen. Na je, na sake zuwa. Mai shagon ya ce Turawa da yawa suke zuwa, shi ba ya riƙe fuska. Na bi otal-otal ina tambayar wata Radka mai furfura, masu gadi suna kallona kamar mai neman aiki. Madam ta kai gawarsa gida, ta sallame ni da mutunci, na sami wani tsohon na ci gaba da juyawa da wankewa har na baro ƙasar a 2015.

Ban sake ganinta ba. Na yarda tana cika alkawarinta, don mai irin wannan magana a bakin titi ba don a yaba mata take yi ba. Abin da yake ci mini rai har yau shi ne, abu na ƙarshe da ta ji daga bakinsa shi ne ba zai ci ba, kuma da shi ta tafi. Ba ta san ya ci ba.